Jirgin sama ya koma zare da ƙaro, mu kuma har yanzu muna raina makarantar tekinik

Duk shekara idan watan Mayu ya kusato, lokacin da 'yan ajin CM2 ke shirin kwankur na shiga sakandare, akwai maganar da kowane malamin firamare a Briqueterie ya haddace saboda yawan jin ta. Uba zai ce, "Malam, in yaron yana da kai a sa shi lise, in kuma ba ya ja, to a tura shi tekinik ya koyi ko da walda ce." Wasu ma ba su kaiwa nan, sai su ce ya karɓi CEP ɗinsa kawai ya zo shago. Ni malamin makaranta ne, ENIEG na yi, kuma a ganina wannan lissafi ya tsufa, yana kuma jawo mana asarar da ba mu ƙirgawa. Don in nuna dalili zan ɗauko misali daga wuri mai nisa da unguwarmu, wato yadda sojojin ruwa ke gyaran jiragensu na sama. Mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, zai ga cewa zancen a ƙofar gidanmu zai sauka.

Bari mu fara da abin da muka sani. Sunan unguwar nan tamu daga wurin buga bulo ya samo asali tun zamanin Turawa, kuma duk wanda ya taɓa shiga tsohon birnin Kano ko na Zariya ya ga yadda magina ke kwaɓa ƙasa. Ƙasa ita kaɗai in ta bushe tsagewa take yi. Ciyawa ita kaɗai ko tukunya ba za ta ɗauka ba. Amma in aka tattake su tare aka bar su suka tsima, sai ciyawar ta hana ƙasar tsagewa, ƙasar kuma ta hana ciyawar lanƙwasa. Masallacin Juma'ar Zariya, wanda Babban Gwani Mikaila ya gina a ƙarni na 19, da laka da azara aka ɗaga bakan-gizonsa. Wannan dabara ta haɗa abu biyu don kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, ita ce injiniyoyi ke kira kompozit. Kayan haɗin ne kawai suka canja. A maimakon ciyawa, zaren gilashi ko zaren kabon ake saƙawa kamar yadi. A maimakon laka, wani ƙaro ne na masana'anta da ake ce wa rezin, wanda in an zuba masa maganin tauri yake daskarewa ya koma kamar dutse.

Zaren kabon siriri ne ƙwarai, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na gashin kan mutum. A farkon shekarun 1960 masu bincike a Japan da Ingila suka gano yadda za a samar da mai ƙarfinsa. In aka jera dubbansa aka jiƙa su da rezin aka gasa, ana samun abin da ya fi alminiyam sauƙin nauyi, ba ya tsatsa, kuma yana jure girgiza ta shekaru. Shi ya sa jirgin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, rabin nauyin gangar jikinsa wannan haɗi ne. Na Airbus A350, da ya fara aiki a 2015, ya kai kashi 53 cikin 100. Kamfanin jiragen Habasha da ke sauka Nsimalen da Duwala yana da duka biyun. Wato ɗan kasuwarmu mai zuwa Dubai ko Gwanzu sarin kaya, sau da yawa cikin zare da ƙaro yake zaune a sararin samaniya, yana tsammanin ƙarfe ne.

Sojojin ruwa na cikin waɗanda suka rungumi wannan haɗi da wuri, kuma dalilinsu a fili yake. Jirgin saman da ke zaune a bayan jirgin ruwa, dare da rana iskar teku mai gishiri ke dukansa, gishiri kuwa cin alminiyam yake yi kamar yadda gara ke cin katako. Ga kuma wahalar sauka. Jirgin yaƙi yana zuwa da gudun kusan kilomita 240 a awa, wata ƙugiya da ke wutsiyarsa ta kamo igiyar ƙarfe, ya tsaya cak cikin kamar daƙiƙa biyu. Jikin da ke shan wannan fizga kullum yana bukatar ƙarfi ba tare da nauyi ba. Jirgin F/A-18 na sojan ruwan Amurka, wanda ya fara tashi a 1978, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa zaren kabon ne. A jirgin Harrier samfurin AV-8B abin ya kai kusan kwata, a F-35 kuwa kusan sulusi. Jirgin Rafale da ke tashi daga kan jirgin ruwan Faransa mai suna Charles de Gaulle shi ma yawancin fatarsa wannan haɗi ne.

To, a nan ne aikin makanike ya canja kama. Alminiyam in ya bugu lotsewa yake yi, kowa ya gani, toliye ya buga ko ya yanke ya sa sabo da ƙusoshi. Kompozit ba ya haka. Sifana zai iya faɗowa daga hannun makanike ya daki fuffuke, a duba a ga fenti lafiya lau, alhali a ciki shimfiɗun zaren sun rabu da juna kamar shafukan littafin da ya sha ruwa. Kallon kitse ke nan ake yi wa rogo. Wasu sassan kuma fata biyu ce siririya da wani abu mai ramuka a tsakani kamar saƙar zuma, in ruwa ya samu ƙofa ya shiga ramukan, sai ya daskare a sanyin sama ya kumbura, ya narke a ƙasa, a hankali ya ɓamɓare fatar. Hanya ta farko da ake gano irin wannan ɓarna, iyayenmu mata sun san ta: ƙwanƙwasawa, kamar yadda ake ƙwanƙwasa ƙwarya ko tulu a kasuwa a ji ko ya tsage. Makanike yana bin wurin da ƙaramar guduma ko kwabo, inda ya ji ƙara ta mutu, nan ciwon yake. Hanya ta biyu na'ura ce mai aiki da amon sauti, 'yar'uwar ekogarafin da ake yi wa mai juna biyu a asibiti.

Kada a ɗauka wasa ne. Ranar 6 ga Maris 2005, wani jirgin Airbus A310 na kamfanin Air Transat ya tashi daga Varadero a ƙasar Kuba zuwa Kanada da mutum fiye da 260. Yana can sama sai sashen wutsiyarsa da ke juya shi dama da hagu ya ɓalle ya faɗa teku. Allah ya kiyaye, matuƙan suka juya suka sauka lafiya. Masu binciken Kanada sun ce mafi kusantar dalili shi ne fatar sashen ta riga ta rabu da saƙar zumar da ke ciki tun kafin tashin, kuma irin dubawar da ake yi a lokacin ba ta isa ta gano hakan ba. Bayan wannan ne aka ƙara tsananta binciken irin waɗannan sassa.

Yanzu mu duba yadda ake gyaran, don a nan hujjata take. In an gano iyakar ciwon, sai a zagaye shi da alama a yanke ruɓaɓɓen wurin. Daga nan a goge gefen ramin da sanfefa a karkace, ya yi gangare mai laushi kamar bakin faranti, ta yadda kowace shimfiɗar zare za ta fito fili kamar matakala. Kaurin milimita ɗaya kan bukaci gangaren milimita 20 zuwa 50, alhali shimfiɗa guda ba ta fi kaurin takarda biyu ba. In hannu ya zarce ya cinye shimfiɗar da ba ta da laifi, an ƙara ciwo. Sai a busar da wurin sarai, don in akwai danshi a ciki, lokacin gashi zai zama tururi ya fasa aikin. Sai a yanko sababbin shimfiɗu, kowacce daidai girman matakalarta, kuma kowacce zarenta ya fuskanci inda na asali ya fuskanta: wannan a miƙe, wannan a gicciye, wannan a karkace digiri 45. A juya guda ɗaya ba daidai ba, facin zai yi kyau a ido amma ƙarfinsa ya ragu.

Bayan an jera su, sai a rufe da leda a liƙe gefenta, a zuƙe iskar ciki da famfo har ledar ta matse aikin ta fitar da kumfa. A ɗora bargon lantarki a kai, a ɗaga zafi sannu a hankali zuwa digiri 120 ko kusan 180, gwargwadon irin rezin ɗin, a riƙe shi na awa ɗaya ko biyu, sannan a sauke shi sannu a hankali, ana rubuta abin da ma'aunin zafi ke nunawa. Yadin da ya zo a jiƙe da rezin daga masana'anta, a firiza ake ajiye shi, digiri 18 ƙasa da sifili, kuma duk awar da ya yi a waje sai an rubuta, don in ta wuce ƙa'ida ya lalace ko da ido bai nuna ba. Taɓa wurin da hannu tsirara ma laifi ne, maiƙon yatsa kaɗai yana hana ƙaro kamawa. Ga wani abin mamaki da sojojin ruwa suka koya: kabon ba ya tsatsa, amma in ya jingina da alminiyam ga ruwan gishiri a tsakani, sai ya sa alminiyam ɗin ya ruɓe da sauri. Dole a raba su da shimfiɗar zaren gilashi, a kuma yi amfani da ƙusoshin titaniyam. A Amurka akwai manyan cibiyoyin gyaran jiragen sojan ruwa a San Diego da Jacksonville da Cherry Point, kuma har yau wannan aiki da hannu ake yin mafi yawansa.

Jama'a, ku sake karanta waɗannan matakai ku gaya mini hannun wa suka yi kama da shi. Telan Birik ya san cewa shadda in an yanka ta a miƙe daban take ja da in an yanka ta a karkace, ba sai an kawo masa digiri 45 a allo ba. Mai ɗinkin babbar riga da ke fitar da aska takwas ya san ƙirgen zare da zaman awa shida a kan tafin hannu ɗaya na yadi. Mai kilishi yana feɗe tsoka ta zama shimfiɗa guda mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da wuƙa ta huda ba. Baduku ya san yadda ake sassaƙe gefen fata kafin a haɗa biyu don kada mahaɗin ya yi tudu. Wannan fa shi ne gangaren da na bayyana a sama. Hannun da duniyar jiragen sama ke kashe kuɗi tana horarwa, a unguwarmu yaro yana tashi ya tarar da shi a zauren gidansu.

Sai dai hannu kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne lissafin iyayenmu ke karyewa. Littafin gyaran jirgi dubban shafuka ne, galibi da Turancin Ingilishi, kuma ba a yarda makanike ya yi aiki da ka ba, sai ya buɗe shafin ya bi. Rezin da maganin taurinsa da sikeli ake auna su, giram da giram. Akwai lissafin kusurwa, da na zafi, da na lokaci. Yaron da ya tsaya a CEP ba zai iya wannan ba komai kyan hannunsa. Yaron da aka tura tekinik don an yanke ƙauna da karatunsa shi ma zai sha wuya. Shi kuma mai kaifin kan da muka tura lise, ya yi bakaloriya ya yi lisans, ya fito bai taɓa riƙe sanfefa ba, yana yawo da takardu daga kwankur zuwa kwankur, ƙarshe mu gan shi a kan moto yana ɗaukar fasinja zuwa Mokolo. Mun raba kai da hannu, muka ba kowanne yaro daban, alhali sana'o'in da ke tasowa yaro ɗaya suke nema mai duka biyun.

Akwai sharaɗi na uku, wato amana. Facin kompozit da zarar an fesa masa fenti, ba mai iya gane da ido ko shimfiɗa shida aka sa ko huɗu, ko an busar da wurin ko an yi gaggawa. Shi ya sa a harkar jiragen sama makanike ke sa hannu a kan duk abin da ya yi, wani ya duba ya sa nasa, takardar kuma ta bi jirgin har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya yarda sifana ya kuɓuce masa ya daki fuffuke, ana so ya faɗa da bakinsa ko ba wanda ya gani. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a garejinmu da yawa al'adar ita ce a cika rami da mastik, a goge, a fesa fenti, mai mota ya ga ƙyalli ya biya. Yaron da ya tashi yana ganin maigidansa na haka, algus ya koya tare da sana'a. Mu da muke tashi da karatun cewa ba abin da ke ɓoyuwa ga Mahalicci, ai ya kamata a ce aikin da ba a gani shi ne inda muka fi kowa.

Na san wani zai ce, "Malam, me ya haɗa mu da jiragen sojan ruwa, mu da ke tsakiyar tsaunuka?" Abin ya fi kusa da yadda muke zato. A nan Yawunde ne shugabannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka taru a watan Yunin 2013 suka sa hannu kan yarjejeniyar yaƙi da fashin teku a mashigin Gini, kuma cibiyar da ke haɗa kan wannan aiki a garin nan take. Kamaru tana da gaɓar teku ta kusan kilomita 400, da sansanonin sojan ruwa a Duwala da Limbe da Kiribi. Tsaron teku a yau da ƙananan jiragen ruwa masu gudu ake yin sa, da jirage masu saukar ungulu, da marasa matuƙi, kuma duk ukun wannan haɗi ya yi yawa a jikinsu: gangar ƙananan jiragen ruwa, farfelar masu saukar ungulu na zamani, fukafukan marasa matuƙi. Sojan ruwan Najeriya suna da sansanin jiragen sama a Ojo ta Legas, kuma a watan Yunin 2021 ƙasar ta ƙaddamar da shirin Deep Blue da jirage masu saukar ungulu uku da marasa matuƙi huɗu. Mu ma muna da sansanin sojan sama na 101 a Mvan, da na 201 a Duwala, da na 301 a Garwa. Duk abin da ke tashi yana buguwa, duk abin da ya bugu kuma sai an nemo mai gyara, in babu a gida a kira na waje a biya shi da kuɗin waje.

'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka sun ɗan yi gaba. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyin gyara. Rundunar sojan saman Najeriya ta fito da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a Disamba 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairu 2018. Ku ji sunayen, da harshenmu aka raɗa su. Habasha kuwa tun shekarun 1950 ta kafa makarantar horar da makanikanta, shi ya sa yau jiragen ƙasashen Afirka da dama a Adis Ababa ake duba su. A 2012 ita ce ta fara karɓar Boeing 787 a nahiyar nan. Ranar 12 ga Yuli 2013 ɗaya daga cikinsu ya kama wuta yana ajiye a filin Heathrow na Landan, batirin wata na'ura ya ƙona saman gangar jikinsa kusa da wutsiya. Mutane da yawa sun zaci jirgin ya tashi daga aiki. Aka yanke ƙonannen wurin, aka liƙa sabon sashe na zaren kabon, kafin shekarar ta ƙare ya koma ɗaukar fasinja. Mu kuwa mun kafa Cameroon Airlines a 1971, ya durƙushe a 2008, Camair-Co ya fara tashi a Maris 2011, kuma manyan gyare-gyaren jiragenmu ƙasashen waje ake kai su. Sayen jirgi abu ne na rana ɗaya in akwai kuɗi, renon mai gyara shi kuwa shekaru goma ne, daga ajin firamare yake farawa.

Duk da haka, mai sukar yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ba zan ɓoye ba. Jiragenmu kaɗan ne. Kamaru ba ta da jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama. Cikin yara ɗari da za su koyi wannan aiki, ƙalilan ne za su taɓa fuffuke. Amma sana'ar tsani ce, jirgin sama shi ne matakin ƙoli kawai. A ƙasa akwai bamban mota da robobin moto da ke fashewa kullum a titunanmu. Akwai tankunan ruwa da rufin rumfuna. Akwai jiragen masunta da na fasinja a Kiribi da Youpwé da tafkin Lagdo, ga katako yana ƙara tsada. Akwai ƙafar roba ta naƙasassu, wadda a cibiyar Etoug-Ebé ta nan Yawunde da sauran wurare irinta da yadi da rezin ake haɗa kwandon da dungun ƙafa ke shiga. Akwai kamfanin gyaran jiragen ruwa na CNIC da aka kafa a 1988, da tashar Kiribi mai zurfi da ta fara aiki a 2018. Wanda ya ƙware a mataki na farko da ƙa'ida, da sikeli da rubutu, ba zai kwana da yunwa ba ko bai hau na biyu ba, in kuma ƙofa ta buɗe yana da abin shiga.

Suka ta biyu ita ce kuɗi. Gaskiya ne tekinik ta fi lise cin aljihun uba, ga kayan aiki, ga rigar aiki, ga kayan gwaji, kuma wasu makarantun injinansu sun girmi malaman. Wannan dalili ne na mu matsa wa hukuma lamba, mu kuma tallafa wa juna. Unguwar da ke iya tara miliyoyi a biki ɗaya, da ke da adashi a kowane layi, ba za ta kasa saya wa yara goma akwatin kayan aiki a shekara ba. Suka ta uku game da 'yan mata ce. Mun saba in yarinya ta shiga tekinik, to sashen ɗinki na IH za ta. Madalla, ba laifi. Amma ku lura cewa yankan yadi bisa awo da lura da inda zare ya fuskanta shi ne rabin aikin kompozit, kuma aiki ne na ɗaki mai tsafta, da safar hannu da rufaffen kai, ba ɗaukar kaya mai nauyi. Yarinyar da ta yi CAP a ɗinki ta fi ɗan walda kusa da wannan sana'a.

Kafin mu kai ga jirgi, akwai waɗanda ke wannan aiki yanzu haka a bakin titi, su ne masu fibir, masu facin bamba. Ina roƙon masu gidansu su ji wannan. Warin rezin da ke sa yaro jiri da ciwon kai sinadari ne mai cutarwa, a yi aikin inda iska ke wucewa. Maganin taurin nan mai kama da ruwa, ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa, kuma kaɗan ake sawa, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, in aka zuba da yawa don a yi sauri sai kwanon ya yi zafi ya yi hayaƙi, aikin kuma ya yi gautsi. Ƙurar da ke tashi wurin guga tana cin fata da huhu. Takunkumi da tabarau da safar hannu ba su kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Madarar da ake ba yaro ya sha bayan aiki wai ta wanke ƙirji, ba ta wanke komai. Ɗan mutane amana ne a hannunka, ba ka da ikon mayar da shi gida da tarin da ba ya warkewa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Iyaye, in malami ya ce ɗanku ko 'yarku na da kai, kada wannan ya zama dalilin guje wa CETIC ko lise tekinik. Hanyar ba ta tsaya a CAP ba, tana bi ta bakaloriyar tekinik har IUT, ko Politeknik ta Melen da aka buɗe a 1971, ko ENSET ta Duwala. Ku bar yara su riƙe Ingilishi da lissafi da muhimmanci, ƙasarmu mai harshe biyu ce, wannan gata ne da maƙwabta da yawa ba su da shi. Masu sana'a, ku sa sharaɗi cewa yaron shago sai yana zuwa makaranta, ko ta dare ce. Ma'aikatar ilimin sakandare da ta koyar da sana'o'i, ku shigar da aikin zare da rezin cikin sassan gyaran jikin mota da na ƙere-ƙere, ku fara da horar da malamai, ku yi amfani da cibiyoyin koyon sana'a na Duwala da Limbe da Sangmelima. Kayan farawa ba su kai tsadar injin dabar ƙarfe guda ba: sikeli, almakashi, famfon zuƙe iska, leda, ma'aunin zafi.

Mu malamai kuma mu daina yi wa yara barazana da tekinik kamar gidan horo. Darasin ma ana iya fara shi a aji ba tare da ko dala ba. A sa yara su kawo tsummokin atamfa da sitaci, rukuni ɗaya su jera shimfiɗu biyar duk zare na fuskantar wuri guda, ɗaya rukunin su riƙa juya kowace shimfiɗa, a shanya a rana, washegari a gwada lanƙwasa su ta kowane gefe, a rubuta abin da aka gani. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya kuma rubuta sakamakon da alƙalaminsa, ya ɗanɗana ainihin aikin da ake yi a San Diego da Adis Ababa. Kwankur na gaba yana tafe, takardun za su zo gida a sa hannu. Kafin uba ya zaɓa wa ɗansa layi, ya zauna da malamin ajin, ya tambayi yaron abin da hannunsa ke so, ya je ya ga makarantar tekinik ɗin da idonsa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya sa mu dace.